Tururuwa a Cikin Dakashi

Shekara goma ke nan da rasuwar yayata Rabi, wadda ta yi aure a Jangeru, gidan makiyaya. Ta rasu a shekarar da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a. Motocin Ƙaura suna ta kwasar jama'a zuwa Gusau, mu kuwa muna zaman makoki a Banga.

Gida ta zo haihuwar fari. Da ta sauka, ungozoma ta tatsi dakashi, wato nonon farko mai kauri, a ludayi, ta jefa tururuwa ciki. In ta fito, nono lafiyayye ne. In ta nutse, mugu ne. Ta nutse. Aka yanke a matse shi a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwa da madarar akuya har farin nono ya zo.

Rabi ba mai musu ba ce, ga kuma kunyar ɗan fari. Duk da haka ta dubi mahaifiyarmu ta ce, "Inna, ko maraƙi ba a hana mai dakashi. Mi ɗana ya yi?" Aka ce ta yi shiru, ita ba saniya ba ce.

Gudawa ta kama yaron, maɗigarsa ta faɗa, bai daɗe ba bayan suna. Nonon Rabi ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Ba ta gama wankan jego ba ta bi shi.

Sai a jami'a na karanta cewa dakashi shi ne rigakafin farko: yana ɗauke da garkuwar jikin uwa, yana lulluɓe hanjin jariri daga cuta. Kaurin da ya riƙe tururuwa shi ne kariyar da aka zubar bayan ɗaki. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma haƙƙin yaron ne aka hana shi.

Da Rabi za ta leƙo yau, za ta ji ma'aikatan asibiti suna faɗar maganarta. Za ta kuma ji, kamar yadda na ji a Gurbin Bore da daminar bara, cewa har yanzu ana neman tururuwa.

Ba ta bar ɗa ba, tambayar nan kaɗai ta bari. Watan jiya matata ta haifi 'ya mace, muka sa mata Rabi. Da ungozoma ta miƙa hannu ga ludayi, Inna ce ta riga ta, ta kife shi. Allah Ya jiƙan Rabi da ɗanta.