Kunnuwan Kwat ɗin Mushe

Mijina malamin lakol ne, wato makarantar boko, kuma a Sae Sabuwa kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, har ni da nake tuƙa masa tuwo. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya yawon banza. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, son kwat.

Ina da tsohon cikin ɗanmu na biyu ya tafi kasuwar Gidan Rumji sayen ragon suna. Ya dawo da rago, ya kuma dawo da wata kwat ruwan toka daga wurin 'yan gwanjo. Ragon ya ɗaure shi a turke, bai sake kallonsa ba. Kwat kuwa ya shimfiɗa ta a gado, ya zaunar da ni, ina nishi da ƙyar, ya shiga ba ni darasi. Wai abin dubawa a jikin kwat shi ne kunnuwan nan biyu da suke kwance a ƙirji. Akwai masu tsini, suna kallon sama kamar ƙahon ɗan akuya, waɗannan na masu son a gan su ne. Tasa kuwa mai 'yar tsaga ce a daidai inda wuya ya haɗu da kunne, dama da hagu. Ita ce ta natsattsun mutane, in ji shi. Da safe zai sa babbar riga a raɗa suna, da la'asar in abokan aikinsa sun zo ya fito musu a cikinta.

Na ce, "Mushe, a zafin nan?"

Ya ce ba zan gane ba. Na ce lallai kam.

Da na haihu sai mahaifiyata, Inna, ta zo daga ƙauyenmu na wajen Tibiri. Ta tarar yayar Mushe ta riga ta kama komai: ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke wanke jariri. Duk abin da Inna ta miƙa hannu za ta ɗauka sai a ce, "Haba Inna, huta." Ba da mugunta ake faɗa ba, amma na san yana cinta. Tun rasuwar Baba idonta ya yi rauni, ta bar ɗinkin da aka san ta da shi, kuma ta sha gaya mini cewa yanzu ita baki ce kawai mai cin tuwo. In ta faɗi haka zuciyata ƙuna take.

Tsakaninta da Mushe kuwa kunya ce irin ta surukai a wajenmu. Bai taɓa haɗa ido da ita ba. In zai gaishe ta, daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gaida ƙasa, ita kuma ta amsa wa bango. Duk wani saƙo da ke tsakaninsu ta bakina yake bi.

Ana gobe suna ya shanya kwat a igiya don ta sha iska, warin gwanjo ya fita, ya tafi lakol. Ni kuma na fito daga ruwan zafi na ɓingire da barci. Ina farkawa na ga Inna zaune a bakin gado da kwat a cinya, fuskar nan tata fes.

"Ke dai kin cika sakaci," ta ce. "Kusu ya ci rigar mai gidanki, nan da nan, daidai wa daida, kina kwance. Na gyara mai. Har wata 'yar huda da anka bari ba maɓalli, na toshe ta."

Na karɓa na duba. Ta jawo bakin kowace tsaga ta haɗe, ta bi ta ɗinke tsaf da baƙin zaren kitso. Ɗinki kam ya ɗinku, ko da ƙarfi ba ka ɓarke shi. Sai dai kunnuwan sun tattare, sun bar ƙirji sun miƙe tsaye kamar na jakin da ya ji motsi. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta ce, "Da kaina na zura zaren, ba wanda ya kama min. Ki ce mai ya sa gobe in gani."

Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Da Mushe ya dawo na ja shi ɗaki na nuna masa. Ya zauna daɓas, ya yi salati a hankali don kada a ji a tsakar gida. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ko zai ga ta inda abin bai yi muni ba. Babu. Ya lalubo reza a kan taga. Na ce, "Ta ce ka sa ta gani." Ya daɗe riƙe da rezar nan yana kallon rufin ɗaki, sannan ya mayar da ita inda ya ɗauko. Ni dariya na cina, tausayi na cina, ga ciki bai warke daga haihuwa ba, ba dama in ƙyalƙyale.

Washegari da la'asar abokansa suka iso a kan babura daga Gidan Rumji. Ashe sun haɗa baki ne, kusan rabinsu da kwat, suna ta zufa. Mushe ya fito a tasa, kunnuwa a tsaye, yana tafiya kamar ba abin da ya faru. Ya shigo da su cikin gida yi mini barka, suka durƙusa gaban Inna ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban hango ba ke nan. Idon Inna ba ya gani daga nesa, amma ga su nan dab da ita. Na ga tana amsa gaisuwa tana bin ƙirjinsu da kallo, wannan da tsaga, wancan da tsaga, duk a wuri guda.

Suka fita. Can ta ce, "Kusun nan har Gidan Rumji ya kai?"

Na shiga gyara wa jariri zani.

"Ɗiyar nan, haka aka yin ta, ko?"

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Shi ne kinka bar ni na yi wauta gaban baƙi." Ta ture kwanon naman da ke gabanta, ta jawo ƙunshin kayanta ta fara ɗauri, ta ce gobe da sassafe a nemo mata mai babur. Na ba ta haƙuri, ko kallona ba ta yi ba. Na san in ta tafi a haka ba za ta sake taɓa allura ba, ba za ta kuma sake taka gidan nan ba.

Zana ce kawai ta raba mu da rumfar maza, kuma a lokacin sun taso Mushe a gaba. Wani yana tambayar wane tela ne, don ya kiyaye shi. Wani ya ce a riƙe Mushe kada iska ta tashi da shi. Ana ta shewa.

Sai na ji muryar mijina, irin wadda ba ya ɗagawa sai a cikin aji. Na leƙa ta hudar zana. Ba abokansa yake fuskanta ba, zanar yake fuskanta, zufa na bin wuyansa. Ashe shi ma ya ga kallon da Inna ta yi musu.

"Ku dai ba ku san kwat ba," ya ce. "Akwai irin da ba ta da tsaga sam, daga wuya take zarcewa sumul. Manya ke sa ta ranar babban biki. Irinta na daɗe ina so, ban samu ba. Tsohuwarmu ce ta zauna ta yi mini da hannunta. A cikinku wa yake da wanda zai zauna ya yi masa haka?"

Wani ya fara magana, aka ce masa ya yi shiru. Ni kuwa ban taɓa jin son mutumin nan kamar ranar ba, da kunnuwansa a tsaye.

Na juyo. Inna ta bar ɗaurin kaya, ta karkata kai wajen zana, ta ji komai. Ta goge ido da bakin mayafi, ta jawo kwanon ta buɗe.

"Ƙarya shi ka yi," ta ce. "Amma ɗan halas ne. Miƙo min yajin nan."