Matar da Ta Ƙi Barin Kufai

A gidanmu na Mabera, da an sallame magariba kakarmu Inna Dije za ta zauna gindin murhu tana jiran tuwo ya turara, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta da doguwar shimfiɗa. Takan gyara itace kawai ta ce, "Ku matso, ga wata ta taho."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ma so. Ta wani birni ce mai ganuwar duwatsu, da ɗakin bauta na mutanen dā a tsakiyarsa. Rijiyoyi suka ƙafe, jama'a suka ɗaure kaya. Mace ɗaya ta ce ba inda za ta, domin 'yarta na kwance a kabari jikin bangon ɗakin. Mijinta ya lallashe ta har ya gaji, ya bi ayari. Ita kuwa kullum da safe sai ta share wurin.

"Sai me ya faru, Inna?"

"Mi kuke son shi faru? Ta zamna."

Ba kura, ba aljani, ba abin dariya. Mukan yi ta ƙunƙuni.

Bayan na girma na fara koyarwa, yayana Nasiru ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujerun baya, ya sa katifa da risho. Da aka ba da hutun makaranta ya ce mu je kufan wani tsohon birni da ke yamma da Sakkwato, mu kwana biyu a mota. Da Inna ta ji, sai ga ta da lulluɓinta a hannu.

"Ku tahi da ni."

"Inna, hanyar ba kyau, ga ƙafafunki," in ji Nasiru. "Baɗi, in Allah ya kai mu."

Ta daɗe tana kallon motar. Sannan ta riƙo hannuna ta ce, "To ke Hadiza, gabas da babban bangon akwai kuka guda. Ki tsaya nan ki yi addu'a."

Mun je. Mun hau duwatsu, mun ɗauki hotuna a cikin wani kango da aka ce nan mutanen dā suke bauta, mun dafa shayi a bayan mota. Na hangi kukar, na ce sai rana ta yi sanyi. Ban tuna ba sai da muka shigo gari.

Inna ta tambaye ni tun ban ajiye jaka ba. Na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Ba komi, ɗiyata," ta juya fuskarta.

Ba ta kai baɗin ba. Ranar sadakar uku Baba ya gaya mana cewa kafin a haife shi Inna ta yi 'ya mace. Wata shekarar yunwa suna kan hanyar zuwa Sakkwato, ƙyanda ta kashe yarinyar, aka binne ta gindin kukar, ayari ya wuce. Inna ba ta sake taka wurin ba.

Sai a ranar na gane tatsuniyar. Abin da Inna ta so yi ba ta samu iko ba, shi ta ba matar, take maimaita mana muna gunaguni.

Yanzu hanyar ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Addu'ar nakan yi ta daga nan. Na tambayi Baba sunan yarinyar, ya ce shi ma bai taɓa jin Inna ta faɗa ba.