Tagar da Sakata Bai Yanke Ba

Ina cikin yanka yadi matar maƙwabcina ta faɗo shago ko sallama babu. Ta ce, "Tela, gobara ta tashi a gidan su Sakata. Matar da yarinyar sun tsira." Sai ta yi shiru. Shirun nan ne ya gaya min sauran.

Sakata abokina ne tun muna yawo ba takalmi. Mai walda ne, ƙato, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Sunan ma na tsokana ne. Duk wanda ya kawo masa aikin ƙarfen taga, sai ya dage a bar taga ɗaya mai buɗewa, da sakata daga ciki.

Yakan ce, "Yallabai, ɓarawo talabijin zai ɗauka ya tafi. Wuta fa, me za ta bar maka?"

Wasu su yarda, wasu su yi tsaki su kai aikinsu wani wuri. Ko a jikinsa.

Shi kuwa ciki da falo yake haya, ƙofa ɗaya tal, ƙarfen tagar uwar ɗaka a dashe cikin siminti. Shekara uku yana roƙon mai gidan ya bar shi ya gyara. Amsar ɗaya ce kullum: "In ka gina naka, ka huda shi kamar kwando." Sai makon jiya ya amince, shi ma don ya gaji da naci.

Ranar Alhamis da safe aka ɗauke wuta, aka manta dutsen guga a jone a falo. Bayan azahar aka dawo da ita. Matarsa na waje tana shanya, shi yana ciki wajen 'yarsa mai shekara huɗu da ke fama da zazzaɓi. Kafin ya ankara, falon ya kama har ƙofa.

Duk abin da yake koya wa mutane ya yi. Ya rufe ƙofar tsakani, ya jiƙa bargo ya toshe ƙasanta. Ya ɓalle ƙafar gado, ya banƙare ƙarfe biyu, ya miƙa yarinyar waje. Kansa ya fito, kafaɗa ta ƙi. An ce mutane sun fi talatin a wajen. Mutum biyu suka ruga neman guduma, sauran suka ɗaga waya suna ɗauka. Hayaƙi ya riga guduma isowa.

Mai gidan ya zo ta'aziyya. Na gan shi da idona ya zagaya baya, yana shafa bangon da ya tsage yana girgiza kai. Allah dai ya ba ni haƙuri.

Ranar Laraba da yamma, ana gobe gobarar, Sakata ya biyo ta shagona, injin yankan ƙarfe a kafaɗa. Na ce, "Kai da ka gama buɗe wa duniya taga, taka fa?"

Ya ce, "Asabar, in Allah ya kai mu. Ka zo ka riƙe min tsani."

Na ce, "Taga a ƙasa, ina ruwanta da tsani? Ni tela ne, ba ɗan dako ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "To ka zo ka cika ni da surutu, aikin ya fi sauri."

Na ce, "Zan zo."