Jan Wasalin Malam Ari

Duk wanda ya san lungunan Ƙofar Wambai ya san zauren Malam Ari, Babarbaren da kakansa ya zo daga Borno da alƙalamin kara a aljihu. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da ka: baƙar tawada ga haruffa, ja ga wasulla. Idonsa ne jarinsa, kuma yana da kafiya a kan abu ɗaya, ba ya barin abin da ya fara. Matarsa Nana Hauwa takan ce ko gobara ce ta tashi, sai Malam ya kai ƙarshen layi zai nemi takalminsa.

To, wannan halin ne ya kusa kai shi kushewa.

Maruru ne ya fito masa a cinya. Likita ya rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, farar ƙwaya irin wadda rabin unguwar suka sha suka tashi garau, ya kuma ja kunnensa ya shanye duka. Ana cikin mako na biyu zazzaɓi ya rufe shi, ido ya kaɗa ya yi ja, ƙuraje suka feso a ƙirji. Maƙwabta kuwa kowa ya zama likita. Wannan ta ce zafi ne, a jiƙa tsamiya. Waccan ta ce kambun baka ne. Nana Hauwa dai ta lura abin ya biyo bayan ƙwayar ne.

"Malam, da ka ɗan dakata da maganin nan," in ji ta.

"Likita ya ce in shanye. Saura kaɗan," ya amsa, ya kora da ruwa.

Washegari leɓɓansa suka ɗaye, fatar bayansa tana salewa kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, idanun sun manne da kwantsa. Nana Hauwa ba ta ƙara neman shawarar kowa ba. Ta kira ƙaninsa Abba, suka sa shi a adaidaita sahu sai babban asibiti, kwalin maganin a ƙulle a bakin mayafinta.

Likitar da ta karɓe su ta duba kwalin, ta ce jikinsa ne ya yi wa maganin bore. Ba kasafai ake ganin haka ba, in ji ta, amma ƙurji na farko shi ne lokacin dainawa a komo asibiti.

"Baba zai tashi in sha Allahu," ta ce. "Idon ne ba zan yi miki alkawari ba."

Maganar nan ta hana Nana Hauwa sukuni. Makonni tana zaune bakin gado tana ɗiga masa magani a ido, tana tsoron ranar da zai buɗe shi.

Ya warke, ya dawo gida a rame. Ko hutawa bai yi ba ya ce a kawo masa shafin da ya bari. Ta miƙa masa, ta tsaya a bakin zaure. Ya ɗaga takardar wajen haske, ya matso da ita dab da fuska, ya karanta baƙaƙen a hankali. Har ta fara hamdala a zuci.

Sai ya juyo.

"Nana, wa ya taɓa mini takardar nan? Ai na sa wasullan kafin in kwanta."

Ta dubi shafin. Ga su nan jajaye, kowanne a mazauninsa.