Maraƙar Mairama Mai Nono

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin noma ta gwamnati da ke bakin garin Zuru ya san Mairama, Bafulatanar da ke sayar da fura da nono a gindin dalbejiyar ƙofar shiga. Ni kuwa na fi kowa saninta, don kaskon wainata yana gefen ƙwaryarta shekara da shekaru. Amma ko ni ban taɓa sanin inda rugarsu take ba. In ka tambaye ta sai ta nuna gabas da leɓe, gobe kuma ta nuna yamma.

Ban ga laifinta ba. Ɓarayin shanu sun taɓa kore garken mijinta Yero a can wajen Sakaba, har da bijimin, kuma wanda ya nuna musu hanya ya sha nononta kwana biyu kafin nan. Abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Cikinsu akwai wata farar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda mahaifinta ya ba ta ranar aurenta. Tun daga lokacin Mairama ke kallon kowa a kaikaice.

Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san kwalejin nan ciki da bai. Da ta ga ɗalibi za ta faɗa maka sashensa. Mai laka har gwiwa ɗan sashen amfanin gona ne. Mai baƙin mai a farce yana koyon gyaran tarakta. Masu kiwon kifi ƙarni ke riga su isowa, 'yan gandun daji kuma kullum da ɗan tsiro a leda kamar jariri. 'Yan matan tattalin gida su ne masu shinshina nono kafin su saya, abin da ke ƙona mata rai. Ta san masu karatun share fage, ta san masu difiloma ta shekara biyu, ta san manoman da ke zuwa gajeren kwas da rani. Kowa ta ba shi laifinsa. Amma 'yan sashen lafiyar dabbobi ta fi tsarguwa da su, don a ganinta duk mai tambayar lafiyar saniyarka ƙidaya yake yi.

A wannan sashen Leah take, 'yar wani tsohon soja daga ƙauyukan kan tudu, yarinya mai yawan tambaya. Ita ce ta lura nonon Mairama ya koma na saye. Saniyar ta ƙafe, ba bijimi, ga tsufa yana kama ta. In ba ta sake haihuwa ba, zuriyar shanun mahaifinta ta yanke, sana'ar ma ta mutu.

"Inna, ki kawo ta," in ji Leah. "Muna da irin bijimin waje a cikin tulun sanyi. Da bututu ake sa mata, sai ta ɗauki ciki. Kyauta ne, aikin koyonmu ne."

Mairama ta rufe ƙwaryarta da faifai. "Ciki ba bijimi? Ke 'yar makaranta, mi kike nema gare ni?"

Ta yi watanni tana jan ƙafa. Da tura ta kai bango ta yarda, amma da sharuɗɗanta. Ba za a rubuta sunanta ba. Ba za a maƙala wa saniyar lambar roba a kunne ba, don wannan hanyar dawo da jangali ce. Ba hoto. Ta ƙofar baya ta jawo saniyar ranar Lahadi, lokacin da rabin gari ke coci, rabi ke gona. Da aka gama Leah ta so ba ta lambar waya, ta ce ba ta so.

Leah ta gama difilomarta ta sami aiki a Dirin Daji. Saniya kuwa ta haihu. Maraƙa ce, kyakkyawa, dabbare-dabbare baƙi da fari, irin da a duk ƙasar nan ba mai shi sai gonar kwaleji. Tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa: a watan nan aka nemi wata maraƙa a gonar aka rasa.

'Yan sa-kai suka ci karo da Yero a mashaya, suka ga baƙi da fari cikin fararen shanu. Suka taso shi da saniya da maraƙa har ƙofar gidan mai unguwa. Na bar wainata a wuta na bi Mairama. Abin da na ji a wurin nan har yau yana ba ni haushi. Mutanen da suka girma da furar matar nan su ne ke cewa dama zaman da take yi a ƙofar kwaleji leƙen asiri ne.

"Ranka ya daɗe, ɗiyar saniyata ce," in ji Mairama. "Cikin makarantag ga anka yi mata aikin. Ku sake ta ku gani."

Aka saki maraƙar ta ruga ta kama nono, uwar tana lasarta. Shugaban 'yan sa-kai, wani Justice, ya yi dariya. Ya ce wa bai san Fulani sun iya shafa wa maraƙi gishiri saniya ta karɓe shi ba? Aka tambayi mai kula da gonar kwaleji, ya ce shi bai san da zancen ba, sunanta ba ya ko'ina. Aka duba kunnen saniyar, ba lamba. Aka ce wa ya ga shigarta? Ba kowa. Duk ƙofar da gaskiya za ta bi ta fito, Mairama ta toshe ta da hannunta. Mai unguwa ya ce in ba shaida zuwa ranar kasuwa, maraƙa ta koma kwaleji, Yero kuma a miƙa shi ga hukuma.

Na ba wani direban bas ɗin Dirin Daji saƙon baki zuwa ga Leah. Mairama ta ce ɓata yawuna nake. "Mi za ya kawo ta? Waɗanga da sunka kama mu danginta ne."

Ranar kasuwa sai ga Leah a bayan babur, ta biyo hanyar da maza ma ke tsoro. Justice ya yi mata magana da C'lela, murya a sama. Ban ji yaren sosai ba, amma na gane yana tambayarta ko ta manta su wa suka cinye gonar ubanta. Ta amsa da Hausa don kowa ya ji.

"Ban manta ba, kawu. Amma wannan da hannuna na yi."

Ta ciro waya ta miƙa wa mai unguwa. Ga farar saniya mai karyayyen ƙaho a turken kwaleji, ga Leah da dogon safar hannu, ga Mairama a gefe ta ɗaure fuska tana harare-harare. Wata ƙawarta ce ta ɗauka a ɓoye, don malaminsu ba ya ba da maki sai ya ga aiki. Nan take mai unguwa ya sa aka saki Yero.

Mairama ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta juyo gare ni. "Ba na hwaɗa miki ba? Na ce kar a ɗauka, ta ɗauka. Yarinyag ga ba ta da amana." Tana faɗa hawaye na bin kumatunta.

Leah ta ce za ta koma kafin la'asar. Mairama ta riƙe mata hannu.

"Ba ki tahiya ba ki sha nonon saniyag ga ba, ɗiyata. Taho mu tai gida."

Ina tsaye ina kallo suka bi ta bayan gonar kwaleji, maraƙa na tsalle a gabansu. Ashe rugar ba gabas take ba, ba kuma yamma ba.