Kwaɗon da Na Sa wa Kicin

'Yata ta fari tana shekara goma sha tara aka gano tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura. A Dutse Alhaji muke zaune, ɗaki biyu da ɗan kicin a waje. Tunda ni ce na yi ajin yaƙi da jahilci, ni nake rubuta lambar da na'urar gwaji ta nuna kowace safiya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, za ta ci ɗan tuwo bayan magariba, ta kwanta, da safe lamba ta haura. Kwana biyar a jere. Na ce a raina, suga ba ya faɗowa daga sama, yarinyar nan tana tashi ta ci wani abu.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi. Haka na taso. Don haka ban tambaye ta ba. Na sayo kwaɗo na sa wa kicin, na ɗaura makullin a bakin zane. Ta kalli kwaɗon, ta kalle ni, ta wuce.

Ranar Alhamis ta tashi da azumi, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta yi allurarta yadda ta saba, ta tafi Ushafa inda take koyon ginin tukwane. Ashe nufinta in ga ta wuni ba ci ba sha, in gwada, in san ba ta ƙarya. Wa zai zargi mai azumi?

Bayan la'asar ta dawo. Ina tsince shinkafa na ga ta dafa bango. Gumi ya jiƙe hijabinta, hannunta na rawa, akwai busasshen yumɓu a farcenta. Na yi mata sannu, ta amsa kamar harshenta ya yi nauyi. Na soki yatsanta na gwada jinin. Lambar ta yi ƙasa, ban taɓa rubuta irinta ba.

Na tafi ɗauko sukari, sai ga kwaɗo. Ƙullin zanen ya ƙi kwancewa, na sa haƙori. Na dama sukari a kofi na kawo, ta kawar da kai. Ta ce azumi take, saura kaɗan a kira salla. Na ce na nafila ne, Allah bai ɗora mata ba. Ta rufe baki gam, idanunta na lumshewa. A asibiti an gargaɗe ni cewa in ta suma ba a ɗura mata komai, ga titin Bwari da za a bi zuwa asibitin a cushe a wannan lokaci.

“Umma, ki gwada bayan magariba,” in ji ta. “Sai ki ga ko ni ɓarauniya ce.”

Na durƙusa a gabanta. Na kira sunanta, karo na farko tun ranar da aka raɗa shi.

“Na yarda da ke. Ni na yi kuskure. Sha, don Allah.”

Ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe baki. Na ƙara mata kofi na biyu, na zauna riƙe da ita har rawar ta lafa.

Washegari a asibiti wata nas, mai Hausa tana haɗawa da Turanci, ta duba littafin da nake rubuta lambobin. Ta ce hanta rumbu ce: in an ci abinci takan ɓoye suga, in ciki ya zama wayam ta riƙa sakinsa cikin jini. Gab da asuba takan saki da yawa don jiki ya tashi, shi ne abin da nake gani. Allurar kuma tana tsare ƙofar rumbun, shi ya sa allura in ba a ci abinci ba take kayar da mutum. Likita ya gyara mata lokacin allura, ya ce kada ta sake azumi sai da shawararsa.

Da muka dawo na cire kwaɗon, na ba mai shagon kusa da mu. Sunan nata dai har yau yakan yi mini nauyi a baki, amma ina kira.