Itacen Kirsimetin da Aka Bar Mini Amana

"Malam Issahaku, ka duba mana itacenmu."

Haka maƙwabcina Kwame ya ce a unguwarmu ta Choggu, shekarar farin nan ta 1983. Shi da amaryarsa Akosua sun ƙawata reshen dogon yaro da auduga a baranda saboda Kirsimeti, sannan suka hau lori zuwa Kumasi.

Ruwa ya yi wuya, amma kullum ina rage na shan gidana ina zuba masa. Duk da haka ya bushe. Hankalina ya tashi.

Da suka dawo, ina ba da haƙuri, Akosua ta fashe da dariya.

"Ei, Malam, ba shi da saiwa fa! Akuya kawai muke tsoro, kar ta cinye shi."

Ta kakkarya shi, ta dafa mana koko.

Har yau ban gane ba: me ya sa ake ƙawata itace, a tafi a bar shi? Masu sani, ku fahimtar da ni.